Ragowar Talotalon Kaka Cima

Duk wanda ya ce mini tatsuniya abin lallashin yara ce su yi barci, kallonsa kawai nake yi, don na san bai taɓa zama gaban Kaka Cima ba. Ita tata tatsuniyar hana barci take yi. Kaka Cima uwar babana ce, kuma a ɗakinta na tashi, saboda ni ce 'yar fari, Inna ba ta ko kama sunana, balle ta ɗora ni kan cinya. Garinmu ƙaramin ƙauye ne a bayan Tama, ƙasar Buza, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa. Da an sallame isha'i sai Kaka ta jawo karan gero da busasshen kashin shanu ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu kewaye ta: ni, da ƙanena Illa, da 'ya'yan baffana biyu da uwarsu ta rasu ta bar mata, da duk ɗan maƙwabtan da ya samu ya sulale wa uwarsa.

Ba ta farawa a banza. Sai an sosa mata baya, kuma duk inda ka sosa, ba nan ba ne. In ta gaji da wahalar da mu sai ta gyara murya ta ce, “Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?” Mu kuma mu ce mu ne, tabarma ma a shimfiɗe take. A shekarun ƙoshi akwai gujiya cikin toka, wanda ya yi gyangyaɗi a cinye rabonsa, ya farka ya yi ta kuka, ba mai ba shi haƙuri. Ni ta fi tsokana. Uwar surutu take ce mini, wai da za a kai bakina kasuwar Madawa da an musayo shi da jaki har da mangala. Ni ma ba na ƙyale ta, nakan ce ai gado na yi, ba sata ba.

Abin da ban gane ba sai da na yi wayo shi ne, ba don mu kaɗai take tatsuniyar ba. Kaka ba ta faɗa da babba baki da baki. In tana da magana da wani a gidan, sai ta jira a hura wuta, ta ɗaga murya, ta ba mu labarin wata mata ko wani mutum mai irin halin, wanda ake nufi yana can cikin ɗakinsa yana ji. Gari na wayewa kowa ya san matsayinsa, ba tare da an ce wa kowa kanzil ba.

Shekarar da zan ba da labarinta ita ce ta babban fari na biyu, zamanin mulkin soja, shekaruna ba su wuce goma ba. Damina ta fara kamar da gaske, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Muna kallo ya yi ja, ya kwanta. Bara ma ba a samu abin kirki ba, rumbu tun kafin shuka an share gindinsa. Babana da baffana da suka ga gonar ta mutu, suka sayar da tumakin gidan, suka bar mana 'yar dawar da ta samu, suka hau mota zuwa ci-rani Abijan. Gida ya rage daga Kaka sai Inna sai mu yara huɗu. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, da ganyen tafasa, da ɗan tsakin dawa da ake barbaɗawa don a ce an ci hatsi.

Abu guda mai rai ya rage mana a gidan, talotalo. Babana ne ya sayo su biyu a Ƙonni wata dawowa da ya yi, macen ta mutu, namijin ya zauna ya zama abin kallon gari, don ba wanda ke da irinsa daga mu har Tama. Mugun tsuntsu ne, ba zan ɓoye ba. Ya kumbura, ya ja fukafukai a ƙasa, wuyan nan ya yi jajir, ya bi ka har zaure. Ni kam ya tsane ni, ni ma na tsane shi. Illa kaɗai yake ƙyalewa. Yaron bai daɗe da yaye ba, yana bin sa da gudu yana kiran “Tolo, Tolo”, shi kuma ya tsaya a ja masa jela bai ce komai ba. Da ba a sayar da shi ba, ba don ƙauna ba ne, ba mai saye ne. Kaka ce ke tono masa gara a bayan gari.

A cikin wannan hali Babbar Sallah ta same mu. Mu a ƙasarmu ragon layya ba a yanyanka shi ran Sallah. Feɗe shi ake yi, a buɗe shi a kan itace biyu da aka gicciya, a kafa su kewaye da babbar wuta, ya wuni yana gasuwa, sai washegari a sauke a raba. A shekarun arziki layi guda na raguna za ka gani a ƙofar kowane gida. Wannan shekarar wuta ƙalilan aka hura a garin kaf. Kaka ta aika aka kira liman ya yanka talotalo. Ya yanka, amma ya gaya mata gaskiya cewa tsuntsu ba ya zama layya. Ta ce ta sani, Allah ma ya san abin da take da shi. Ta fige shi, ta tsaga shi, ta samo 'yan sanduna biyu ta gicciya, ta kafa shi gaban wuta daidai yadda ake yi wa rago. Mata suka riƙa leƙowa ta katanga suna dariya, wai ragon Cima mai ƙafa biyu ne. Ta ce su dai su kawo nasu mai huɗu a gwada. Suka janye daga katangar.

Washegari aka sauke. Duk ramar da ya yi, talotalo talotalo ne. Kaka ta fitar da ƙirjin aka kai wa maƙwabta ɗan yanki-yanki, don ba a cin naman Sallah a ɓoye, muka ci cinyoyin. Illa ya yi kukan Tolo da safe, da rana kuma ya ci shi har maiƙo na bin gwiwar hannunsa. Rabon da in ga yaron ya yi dariya haka na manta.

Abin da ya rage, wato wuya, da fukafukai, da ƙafafu, da ƙashin baya mai sauran tsoka a jiki, da ɗan kitsen da ta tara a ƙoƙo yana ɗiga, Kaka ta barbaɗe su da gishiri, ta shanya su kan hayaƙi har suka bushe ƙarau. Ta zuba cikin wata 'yar tukunya, ta kife murfi, ta liƙe bakin da laka, ta rataye a ragaya cikin ɗakinta. Kowa ya san na mene ne. Bayan Babbar Sallah da wata guda ake daren cika-ciki, goma ga watan farko na shekara. Kowane gida kan ajiye kan ragon layya da ƙafafunsa don wannan dare, a dafa, a ci har sai ciki ya ƙi karɓa. Abin da aka rene mu a kai shi ne, duk wanda bai ƙoshi ba a daren nan, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. A shekarar ƙoshi wannan magana abin wasa ce. A shekarar da gona ta mutu tun kafin kaka, ba wanda ya ɗauke ta wasa. Kaka kuwa ta binne 'ya'ya biyu a wata yunwa da aka yi tana da ƙuruciya, kuma har kullum tana cewa a shekarar nan da ruwa kaɗai suka kwana a daren cika-ciki.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki Illa ya fara zawo. Cikinsa ya ƙi anza sam, in an ɗura masa sai ta dawo. Ƙafafunsa suka kumbura, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ya daina bin kowa da gudu. Zama kawai yake yi inda aka ajiye shi. In an miƙa masa kunu ya kau da kai, abu guda yake faɗa, Tolo. Inna ta goya shi ta tafi da ƙafa har ɗakin likita na Buza. Lokotoro ya ba ta garin da ake damawa a ruwa saboda zawon, ya ce mata ciwon yaron nan na abinci ne, a samo masa nono, ko ƙwai, ko romon nama. Ta dawo da yamma ƙafafunta duk sun fashe. Nono kuwa, shanun Fulanin da ke kawo mana shi wasu sun mutu, sauran an kora su kudu. Kaji tuni aka cinye ko aka sayar. Nama guda ne a inda hannunmu zai kai, yana rataye a saman shimfiɗata.

Kada wani ya ɗauka Kaka ba ta son yaron. Rabonta na kunu shi take ajiye wa. Ita ke tauna tsaki ta sa masa a baki. Ta yi yawon bayan gari neman fara har ƙaya ta yayyaga mata zane, ba ta samo komai ba, don fara ma sai da ganye take zuwa. In Inna ta gaji, ita ke karɓarsa ta kwantar a ƙirji. Abu guda ne ba ta yi ba.

Inna mace ce mai kunya ƙwarai. Tun da aka kawo ta gidan ban ji an ce ta taɓa haɗa ido da Kaka ba. Ranar, da la'asar, ina tankaɗe a tsakar gida, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar Kaka, kanta a ƙasa.

“Iya, ko ƙashi guda,” in ji ta. “In yi mishi romo.”

Kaka ta ce, “Uwar Illa, in na hwasa lakar ga yau, gobe ma shi nema, jibi ma shi nema. Daren shi taho tukunya wayam. Ɗiya huɗu gare ni, ba guda ba. Kin ga shekarar da ka tahowa. Shi yi haƙuri, kwana nawa ya rage.”

“Ba shi da kwanakin, Iya.”

“Allah ka raya yaro, ba ƙashi ba.”

Inna ta tashi ta koma ɗakinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta buga komai ba, ta dai saki asabari.

Daren nan aka hura wuta kamar kullum, sai dai ba gujiya, ba ɗan maƙwabci ko ɗaya, don rabin unguwar sun tashi. Kaka ba ta ce a sosa mata baya ba. Da ta buɗe baki na gane wadda za ta yi, don kowace shekara takan yi mana ita in cika-ciki ya matso.

Wai Yunwa tsohuwa ce, doguwa, ba ta da gida. Shekara duka a daji take kwana, sai daren cika-ciki take shigowa gari neman masauki. Ba ta sallama. Gida-gida take bi, tana ɗora tafin hannunta mai sanyi a kan cikin yara suna barci. Cikin da ta ji tam, ta wuce. Wanda ta ji ya lotsa, nan za ta jingine sandarta sai wata shekara. To, a wani gari akwai mata biyu, katanga guda ta raba su, kowace ta rataye kan ragonta. Ta farko mai taushin zuciya ce. Ɗanta ya yi kuka, ta yanko masa kunne. Washegari ya yi kuka, ta yanko ɗayan. Daga nan harshe, daga nan kumatu, har daren ya zo ba komai sai ƙaho. Da ta rasa yadda za ta yi, ta dama dusa da ruwa mai yawa ta ɗura wa 'ya'yanta har cikinsu ya tashi, ta kwantar da su. Yunwa ta zo, ta danna, ta ji ruwa na ƙugi a ciki. Ta yi dariya, ta ce wa za a yi wa wayo, ta jingine sanda. Kafin shekara ta zagayo, matar nan ita kaɗai ke sharar tsakar gida, ba mai ɓata mata shi. Ta biyu kuwa, wata guda 'ya'yanta suna kuka suna nuna kan rago, ita kuma ta cusa auduga a kunne ta ci gaba da daka. Maƙwabta suka ce ba ta da imani. Daren na zuwa ta sauke, ta dafa, suka ci har suka kasa tashi. Yunwa ta danna wannan, ta danna wancan, ta yi tsaki, ta haura katanga.

Sauran shekaru da wasa take yin ta. Takan tashi tsaye ta kwaikwayi tafiyar Yunwa, ta bi mu tana danna mana ciki, muna ihu muna birgima. Wannan karon a zaune ta yi ta, muryarta a sama, idonta a kan wuta. Da ta kai ƙarshe ta yi tambayar da ta saba.

“To, cikin su biyu, wace ta hi son ɗiyanta?”

Muka ce mai auduga, kamar yadda muke cewa kowace shekara. Daga ɗakin Inna muna jin 'yar waƙar da take jijjiga Illa da ita. Da muka amsa, waƙar ta tsaya. Kaka ta ce nan tatsuniya ta tsaya, ita ma nan ta tsaya, kowa ya je ya kwanta.

Inna ba ta sake roƙo ba. Aka ci gaba da kunu da ruwan lokotoro. Illa ya daina cewa Tolo, daga baya ya daina cewa komai. Ana gobe cika-ciki, da hantsi, ya cika a bayan Inna tana tsaye tana jijjiga shi. Ta daɗe tana jijjigawa kafin ta yarda ta kwance goyon. Maza sun ƙare a gari, liman ne da wasu tsofaffi suka zo. Mutum guda ya ɗauke shi a hannu cikin guntun tabarma. Kaka ta zauna ta jingina da bangon ɗakinta, mata na shigowa gaisuwa tana amsawa da ka. Daren nan ba a hura wuta ba.

Washegari kowa ya ɗauka gidanmu ba za a ɗora tukunya ba. Bayan azahar, masu gaisuwa na zaune, Inna ta miƙe. Ta nufi ɗakin Kaka, ɗakin da ban taɓa ganin ta shiga ba sallama ba, ta shige. Ta fito da tukunyar a hannu guda, a ɗayan kuma da goran da Kaka ta ɓoye ɗan tsakin gero da tafin wake saboda wannan dare. Ta zauna gindin murhu, ta ɗauki muciya ta fasa lakar. Matan suka dubi juna, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta motsa ba.

Ban taɓa ganin an yi girki da natsuwa irin ta ranar ba. Ta jiƙa naman a ruwan ɗumi har ya saki, ta zauna ta yagi tsokar daga jikin ƙashi sili-sili, ba ta bar ko ta tsakanin gaɓoɓin wuya ba. Ƙasusuwan ta zuba a turmi ta farfasa, ta tafasa su har ruwan ya yi fari, ta tace. Ta kankare kitsen da ya daskare a gindin tukunya, ta narka shi, ta soya gabu a ciki, wato busasshen ganyen albasa da muke dunƙulawa, da daudawar batso, da ɗan barkono. Ƙanshin ya tashi ya cika gidan, ya haura katanga. Sannan ta ɗauko babbar tukunya ta fara jerawa: tsaki a ƙasa, wake da ta riga ta tafasa a kai, naman, ganyen tafasa, anza don abin ya yi auki, ta sake rufewa da tsaki. Ta kwarara romon har ya sha kansa. Ta kife da tasa, ta naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ta tura tukunyar cikin garwashi, ta kwashi wani garwashin ta zuba a kan tasar. Ta zauna gabanta har aka yi magariba.

Da ta buɗe, saman ya yi ja ya ƙame, cikin kuwa ya haɗe ya yi laushi, ba ka bambance hatsi da nama, ɗacin anza ma ya ɓace. Ta zuba mana a akushi, ni da 'ya'yan baffana. Muka zauna muna kallonsa, ba wanda ya miƙa hannu. Ta ce mu ci. Muka ci. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗin ji: har yau da na tsufa, na ci abincin biki, na ci na gidan manya a Tawa, ban taɓa sa abin da ya kai wannan daɗi a bakina ba. Ina ci ina hawaye, ina kuma lashe yatsa. Akushi ya ƙare ta ƙara, ya ƙare ta ƙara. Da muka ce mun ƙoshi ba ta yarda ba, sai da ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta danna mana ciki. Ranar ce na fara sanin yadda tafin hannun uwata yake.

Sannan ta cika ƙwarya ta kai gaban Kaka, ta durƙusa.

“Iya, ga naki.”

“Ba ni iyawa, ɗiyata.”

“Kina iyawa. Don daren ga anka aje shi, ga daren ya taho. Ki ci ki ƙoshi.”

Kaka ta dubi ƙwaryar, ta dubi Inna, karo na farko da na ga idanunsu sun haɗu. Ta sa hannu. Loma-loma ta ci, tana haɗiya da ƙyar, Inna na durƙushe ba ta tashi ba har sai da ƙwaryar ta koma wayam. Daga nan Inna ta koma gindin murhu, ta kankare ƙanzon tukunya, ta juya mana baya ta cinye.

Shekarar ta zo yadda Kaka ta faɗa, har ta fi. Mun yi layin jar dawa ta taimako a Buza, mun ci abin da ko akuya sai ta yi shawara. An yi ta fita da gawa daga unguwarmu, har daga gidajen da na san sun cika cikinsu a daren. Amma daga gidanmu ba a sake fita da kowa ba. Damina ta dawo, babana ya dawo. Kaka ba ta taɓa cewa kun gani ba. An koma hura wuta, an koma sosa baya, ta ba mu tatsuniyoyi har ƙarshen ranta, amma ta Yunwa da mata biyu ba ta sake fitowa daga bakinta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Tsakaninta da Inna gaisuwa ce da ladabi, kamar da.

Ina yarinya, gefen Kaka nake, don lissafinta ya fita: uku sun rayu. Da na yi aure a Tawa na haihu, ran da ɗana na fari ya kwana da zazzaɓi, na juya wa Kaka baya gaba ɗaya, tana cikin kabarinta. Na ce wace irin zuciya ce za ta ji yaro na kiran abu, abin na rataye a kanta, ta ce ya jira wata ya kai goma. Na tambayi masu aikin likita ko romon ƙashi zai iya tsayar da yaron da ya kai inda Illa ya kai. Wani ya ce da wuya, wata ta ce ana dacewa, ba wanda ya ba ni abin da zan riƙe. Ƙwaryar da Inna ta kai mata kuwa, na yanke cewa horo ne, kuma na ji daɗin horon. A gidana na hana ajiye kan rago. Washegarin Sallah nake dafe shi, kowa ya ci, a wuce wurin.

Wata Sallah Inna ta zo mini, ta tsufa, ido ya fara raguwa. Ta ji ina babbake kai da ƙafa, ta tambaya me za mu ci ran cika-ciki. Ni kuwa da bakina, na saki duk abin da na tara shekara da shekaru. Na ce ni ba za a kashe mini ɗa saboda tatsuniya ba, na kira Kaka da sunan da bai kamata ba. Ta bar ni har na gaji.

“Bar tsohuwa ta kwanta,” in ji ta. “Ɗakinta ba shi da ƙyaure, asabari ne. Kullum da hantsi tana tahiya daji neman ganye. Tukunyar kuwa, in na miƙa hannu ina kai gare ta. Sau nawa na shiga na tsaya ƙarƙashinta.”

Na ce ai kunyar suruka ce ta hana ta.

“Ba kunya ba ce. Ni ma da labarin nan anka rene ni. Na tahi roƙonta ne don amsar ta hito daga bakinta, ba nawa ba, ita kuma ta ɗaukar mini. Shi ya sa na kai mata ƙwarya. In na ɗaga hannu ga tukunyar sai in jiyo muryarki waje kina surutunki. Shi Illa na riga na ga inda ya nuhwa. Ke na duba.”

Ta ce in juya kan ragon, yana ƙonewa ta gefe guda. Na juya shi.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan tana koyar da tanadi ne, daga baya na ɗauka ƙarya ce da ta ci ran yaro. Yanzu ban san ko ɗaya daga ciki ba. Na dai san tambayar da Kaka take rufe ta da ita ba ta yara ba ce, bai kamata a ce muna da amsarta a baki ba, kuma matan nan biyu da na raba, na ce ɗaya mai tausayi ɗaya marar imani, auduga guda suka raba suka sa a kunne. Ban sake zagin kowa a cikinsu ba. Jikokina in sun nemi tatsuniya ina yi musu, wannan ce dai ba na yi. In daren cika-ciki ya zo ina dafa abin da ya samu, in zauna in ci tare da su, don ba na son su tambaye ni dalili. Sai dai kowace loma na san sunan wanda aka hana don in ƙoshi.